Ɗan ƙaramin famfon jini mai taimakon zuciya: za a iya ƙera shi a Kumasi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce kana shekarar ƙarshe a Tech, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, ɓangaren injiniyan kayan asibiti, gidanku na Aboabo, ka kalli bidiyon wani ɗan famfo da ake zurawa ta jijiyar cinya har cikin zuciya, kana so ka san yadda yake aiki, me yasa kuɗinsa ya yi yawa haka, sannan ko zaka iya ƙera irinsa a matsayin furojet tunda ga Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, nan kusa da ku. Ni aikina kula da injinan ɗakin tiyatar zuciya ne a nan Accra, musamman famfunan da jini ke bi ta cikinsu, dan haka bari in zauna in baka amsa da kyau, zata ɗan yi tsawo ka yi haƙuri.

Wanda za a sa a jikin mutum dai a'a, ba aikin shekara ɗaya bane kuma ba aikin mutum ɗaya bane. Amma kar wannan ya kashe maka jiki dan akwai aiki na gaske a cikin maganar nan da zaka iya yi a Kumasi, zan zo gurin. Abinda nake so ka fara riƙewa shine wahalar famfon nan ba a ƙanƙantarsa take ba, jinin ne matsalar. Ƙaramin moto mai gudun tsiya ana sayar da shi a kasuwa. Wanda zai tura jini kwana da kwanaki bai farfasa shi ba kuma bai bari ya daskare ba, shine mutane suka kwashe sama da shekara 30 suna fama.

Zuciyar babban mutum in yana hutawa tana tura jini kusan lita 5 a minti ɗaya. Ɗakin hagu na ƙasa shi ke da babban aikin, shi ke matsa jini ya fita ta bawul zuwa babbar jijiya, daga nan ya watsu ko'ina. To in jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta ta toshe, ko wata cuta ta kama naman zuciyar, ɗakin nan sai ya kasa, hawan jini ya faɗi ƙasa, ƙafa da hannu su yi sanyi, fitsari ya tsaya, hankali ya fara gushewa. In aka kai wannan matakin kusan rabin marasa lafiya basa tashi, har a manyan asibitocin Turai. Famfon ana zura shi ta jijiyar matsematsi, a bi da shi sama ta babbar jijiya ana kallo a hoton eksire, ya lanƙwasa ya ratsa bawul ɗin, bakinsa na cikin ɗakin hagu, mafitarsa na cikin babbar jijiya. Yana tsotsa daga nan yana zubarwa can ba tsayawa. Kaman dai 'yar dako a kasuwar Kejetia da kaya suka fi ƙarfinta har gwiwarta na rawa, wani ya karɓi rabin kayan ya taka mata zuwa inda zata sauke. Bai warkar da ita ba, lokaci ya sama mata. Famfon ma haka, ba magani bane, dole akwai abinda ake jira: ko a buɗe jijiyar da ta toshe, ko zuciyar ta farfaɗo da kanta, ko a yi tiyata, ko dashen wata zuciya. In babu ko ɗaya cikin waɗannan to sa shi ƙarin wahala ne kawai ga mara lafiya da danginsa.

Tarihin kaɗan dan ka ga tsawon hanyar. Abu na farko da ya yaɗu balan-balan ce da ake sawa a babbar jijiya tana kumbura tana saɓewa da iskar hiliyom daidai da bugun zuciya, Adrian Kantrowitz ya fara sa ma marasa lafiya a Amurka ƙarshen shekarun 1960. Sai wani likita Richard Wampler, ya je Masar a 1976 ya ga yadda ake ɗago ruwa da famfo, irin dabarar nan ta sukurun Arkimidis mai juyawa cikin bututu, ya ce me zai hana a yi wa jini haka. Daga nan aka samu Hemopump, wanda O. H. Frazier ya fara sa ma mutum a Houston a 1988. Lokacin masana da yawa sun ɗauka farfela mai juyi dubbai a minti niƙe jini zata yi gaba ɗaya, Hemopump ya nuna ba dole bane. Amma motonsa a waje yake, wata siririyar waya mai juyawa ce ke ɗauko ƙarfin ta cikin jijiya har zuciya, wayar kuma takan karye, a kasuwa bai daɗe ba. A Aachen ta Jamus wani injiniya Thorsten Siess ya ɗauki maganar farkon shekarun 1990 yana ɗalibi kamar kai, ya ce a ƙanƙanta moton a sa shi cikin jikin, daf da farfela. Shine Impella da ka gani a bidiyo. Kamfanin Abiomed ya saye shi a 2005, Amurka ta fara ba shi izini a 2008, Johnson & Johnson kuma suka saye Abiomed a 2022 kan dala biliyan 16.6.

Yanzu lissafin, nan ne ya kamata ka buɗe littafinka. Kaurin kateta, wato siririn bututun da ake zurawa cikin jijiya, ana auna shi da Fr, kowane Fr ɗaya kashi ɗaya cikin uku ne na milimita. Impella CP da aka fi amfani da shi 14 Fr ne, kenan ƙasa kaɗan da milimita 5, yana bada lita 3 da rabi zuwa 4 a minti, juyinsa ya kai 46,000 a minti. Ƙaramin da ya riga shi, 2.5, 12 Fr ne, juyinsa har 51,000. Babban, 5.5, juyi 33,000 ya ishe shi ya bada lita 5 da rabi, amma shi sai likitan tiyata ya yanka ƙasan ƙashin wuya ya shigar da shi ta jijiyar hammata. Ka lura, duk lokacin da ya ƙara ƙanƙanta sai gudun ya ƙaru kuma ruwan da yake bayarwa ya ragu. Dalili, matsin da farfela ke iya haifarwa yana tafiya ne da gudun bakin fiffikenta, kuma dole ta tura jinin a kan matsin babbar jijiya, wajen 60 zuwa 100 a ma'aunin hawan jini. Ɗauki farfela mai faɗin milimita 4 tana juyi 50,000, ka lissafa da kanka, bakin fiffiken yana gudun kusan mita 10 a sakan ɗaya, gefensa kuma ga bango tsaye cak da 'yar tazarar da ko kusa bata kai milimita ba. Jan ƙwayar jini faɗinta wajen maikuromita 8 ne, 'yar jaka ce mai laushi, in ta faɗa wannan tazarar ɓari ɗaya na janta ɗaya na riƙe ta. Abu biyu ke yanke mata hukunci, ƙarfin jan da tsawon lokacin da ta yi a ciki. Ja mai ƙarfi na ɗan ƙiftawa zata iya jurewa, ja matsakaici da ya daɗe zai fasa ta. In ta fashe himogulobin ya zube cikin ruwan jini, ƙoda ce zata sha wahalar tacewa, zaka ga fitsari a jaka ya koma ja ko baƙi-baƙi, mu a asibiti da mun ga haka mun san akwai matsala.

To sai ka ce a rage gudu mana, a buɗe tazarar. Da ka yi haka jini zai fara komawa baya ta gefen fiffike, sannan duk lungun da jini ya samu ya tsaya ko ya yi ta zagaye guri ɗaya, bayan farfela, gindin sanda, bakin boris, nan gudaji ke fara taruwa, in gudajin ya ɓalle ƙwaƙwalwa zai iya tafiya, shanyewar ɓarin jiki kenan. Sai a ba mara lafiya hefarin, maganin hana jini daskarewa, dan jinin ya tsinke, sai kuma ramin da aka huda a cinya ya yi ta zuba. Ƙari a kan haka jan farfelar yana yayyanka wani dogon furotin na jini mai suna von Willebrand wanda ke taimakawa gurin tsayar da zubar jini. Ka ƙara wa famfon kauri dan ya yi aiki a hankali, sai ya cika jijiyar cinya jini ya daina sauka ƙafa, musamman mata da tsofaffi masu siraran jijiyoyi, akwai waɗanda suka rasa ƙafa ta haka. Duk ƙofar da ka rufe wata na buɗewa, aikin mai ƙera famfon nan shine nemo ɗan tsakiyar da mutum zai iya rayuwa a ciki.

Ga kuma moton kansa. Jini ruwa ne mai gishiri mai daskarewa, in ya shiga moto shikenan. Dabarar da suka yi ita ce a riƙa tura ruwan gulukos, yawanci da hefarin a ciki, ta cikin katetar da matsin da ya fi na jini, yana fita kaɗan kaɗan ta gindin farfela yana hana jinin shiga. Wannan ruwan shi kaɗai yana da nasa ƙaramin famfo da nasa ƙararrawa. Sai zafi, dan furotin na jini yana fara lalacewa in aka haura digiri 42, ga moto mai juyi dubbai a guri matsattse. Sai sanin inda famfon yake, dan in ya zame santimita ɗaya ko biyu baki da mafita zasu iya komawa ɓangare ɗaya na bawul, injin na juyi amma ba abinda yake yi sai farfasa jini. Shi yasa akwai na'urar jin matsi a jikinsa, kuma akwatin da ke gefen gado yana karanta wutar da moton ke ja ya gane inda yake da yawan jinin da ke wucewa. In mara lafiya ba shi da isasshen ruwa a jiki bakin famfon sai ya manne da bangon zuciya. A Maris 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka ta fitar da gargaɗi mafi tsanani a kan haɗarin ya huda bangon zuciya, an haɗa maganar da mutuwar mutum 49. Wannan kamfanin da ya fi kowa daɗewa a harkar kenan, shi yasa nake cewa ka girmama abin.

Inda masu bincike suka sa gaba yanzu shine famfon da ake naɗewa ya shiga siriri, wajen 9 ko 10 Fr, in ya isa zuciya ya buɗe ya yi faɗi, da ƙarfen nitinol mai komawa siffarsa da farfela mai lanƙwasuwa. Rami ƙarami a cinya, farfela babba mai juyi a hankali. Amma yawancinsu dole moto ya koma waje da waya mai juyawa, kenan an dawo kan tsohuwar matsalar Hemopump da sababbin kayan aiki.

Shin yana ceton rai? Nan ka buɗe kunne dan bidiyon talla ba zai gaya maka ba. Balan-balan ɗin nan an yi shekara 40 ana amfani da ita, sai a 2012 aka gama wani babban gwaji a Jamus, IABP-SHOCK II, mutum 600, aka ga bata rage mutuwa ba. ECMO, injin da ke fitar da jini waje ya sa masa iska ya mayar, shima a gwajin ECLS-SHOCK na 2023 bai rage ba. Impella sai a 2024 ya samu hujja mai ƙarfi, gwajin DanGer Shock da aka yi a Denmak da Jamus da Ingila, mutum 355, shekara 10 aka yi ana tara su. Bayan kwana 180, kashi 45.8 cikin ɗari na waɗanda aka sa ma famfon sun rasu, waɗanda ba a sa ma ba kashi 58.5. Wannan bambanci ne babba wallahi, rayuka ne. Amma cikin masu famfon kusan kashi 42 sai da aka yi musu wankin ƙoda, ɗaya ɓangaren kusan kashi 27, zubar jini da matsalar ƙafa ma sun fi yawa. Kuma zaɓaɓɓun marasa lafiya ne, masu toshewar jijiyar zuciya, a asibitocin da suka saba da abin. Ni a gani na ma'anar wannan ita ce famfon baya tafiya shi kaɗai, yana jan ɗakin kateta mai aiki dare da rana, da injin wankin ƙoda, da bankin jini mai jini a ciki, da nas ɗin da ta san me kowace ƙararrawa ke nufi da ƙarfe 3 na dare.

Kuɗi kuma, famfo ɗaya ya haura dala dubu 20 a Amurka kuma sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, ka mayar da shi sidi ka gani. Ba ƙarfen ko robar ke cin kuɗin ba, shekarun gwaji ne, da ɗakin haɗawa mara ƙura, da ƙa'idojin inganci na duniya (ISO), da rashin abokin gasa. Mu nan NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, bata ɗaukar tiyatar zuciya in ba ta haɗari ba, cibiyar zuciya ta Korle Bu da Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989 ma da taimakon gidauniya da gudummawar jama'a marasa ƙarfi da yawa ke samun aiki, kai ma ka san yadda ake zagaya da takarda a masallatan Zango in yaro na buƙatar tiyata. Batirin akwatin kuma wajen awa ɗaya yake riƙewa, to ka sa dumsor, ɗauke-ɗauken wutar nan, a lissafi.

Duk da haka ban yarda a ce abin bai shafe mu ba. Akwai ciwon zuciyar da ke kama mata ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, bata iya kwanciya sai a zaune. Ƙasar Hausa na cikin inda ya fi yawa a duniya, tun shekarun 1970 wasu likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu a kai a Zariya suna danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, wani bincike a Sakkwato ya samu kusan mace 1 cikin haihuwa 100, daga baya Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya nuna akwai hannun ƙarancin sinadarin seleniyom. Yawancinsu magani suke buƙata da a gano da wuri, ba famfo ba. Amma 'yan kaɗan da zuciyarsu ke faɗuwa gaba ɗaya, yara ne 'yan shekara 20 da wani abu, kuma irin zuciyar da kan iya farfaɗowa ce in ta samu kwanaki, su ne ainihin waɗanda aka yi famfon wucin gadi dominsu, Amurka ma ta saka wannan ciwon cikin izinin Impella a 2018. Sai dai zuciyar da ta buɗe ta yi rauni haka takan tara gudaji a ɗakin hagu, in akwai gudaji ba a sa famfon, haka in bawul ɗin babbar jijiya ya lalace sosai kaman yadda muke gani a masu ciwon zuciya na rumatik. Sannan kusan kashi 2 na jariran Gana da sikila ake haifarsu, ga ƙarancin jini ko'ina, mai jinin da dama bai isa ba ba shi da rarar da famfo zai farfasa. Waɗannan tambayoyin namu ne, mutanen Aachen ba su zasu zauna su yi mana su ba.

To ga abinda zan so ka kai ma malamin da ke duba aikinka. Ka bar maganar milimita 5, ka ƙera teburin gwajin famfon jini. Zagayen tiyo mai haske, da tanki mai iska a sama wanda zai yi aikin laushin jijiya, da maƙurar da zaka matse ka samu matsin 80 ko 100, da ma'aunin matsi gaba da baya, da ma'aunin gudun ruwa. Ruwan gwaji ka haɗa gilisarin kashi 40 da ruwa kashi 60, kaurinsa ya yi kusa da na jini. Farfela ka yi ta babba, ninki 4 ko 5, da firinta mai 3D, ka rage juyi yadda lambar Reynolds, wadda ke nuna yanayin gudun ruwa, zata yi daidai da ta ƙaramin, gidan ka yi shi da roba mai haske ka zuba launi ka ɗauka da kyamarar waya a hankali, da idonka zaka ga lungun da ruwa ke tsayawa. Sanda da mazaunin boris masu injin dalma a Magazine zasu yanka maka, amma ka tsaya a kansu da ma'auni kuma ka goge duk inda ruwa zai taɓa har ya yi santsi, kaushi kaɗan yana canza sakamako. Manhajar OpenFOAM kyauta ce, ka yi lissafin gudun ruwan a kwamfuta ka gwada da abinda teburin ya baka.

In wannan ya zauna sai gwajin jini, kuma nan kai ɗan Zango ka fi sauran 'yan ajinku gata, dan da jinin shanu aka fi yin gwajin farfasa jini a duniya kuma mahautan mayankar Kumasi mutanenmu ne. Ka nemi izinin makaranta tukuna, ka gaida sarkin fawa da likitan dabbobin gurin, ka je da asuba da jarka mai tsabta wadda ka riga ka zuba hefarin ko sitiret a ciki dan kar jinin ya daskare, a tara maka daga dabba ɗaya mai lafiya, kar a girgiza, ka tace ka yi aiki da shi ranar. Ƙa'idar sunanta ASTM F1841, ka nemo ta ka karanta. Awa 6 ake juya jinin a digiri 37, duk awa ka ɗebi kaɗan ka juya a santirifuj, injin da ke ware ƙwayoyin jini daga ruwansa, ka auna himogulobin da ya zube a ruwan saman, sannan dole ka ajiye wata jakar jinin a gefe wadda famfo bai taɓa ba dan ka san wanne ɓarna ce ta famfonka wanne ce ta hanya. Kaurin jinin ka daidaita shi iri ɗaya kowane gwaji in ba haka ba lambobinka ba zasu kwatantu ba. Safar hannu da tabarau da rigar leda dole ne, jinin shanu na ɗauke da cututtukan da ke kama mutum, kuma ka ware kayan da zaka yi salla da su.

Farfela biyu ko uku masu fiffike daban sun isa, ka nuna wacce ta fi farfasa jini kuma ka faɗi dalili da lissafi. In ka zana zagayen tiyon da jerin kayan da kake da su a lab ɗinku ka turo min in duba kafin ka kashe ko sidi ɗaya, musamman ma'aunin gudun ruwa, dan irin mai farfela a ciki shima yana fasa jini zai ɓata maka sakamako, wanda ake maƙalawa a bayan tiyo zaka nema ko aro ne.